Daga Sabon Gari zuwa Surulere: tafiyar neman gyaran pumse

Abin da ya kai ni Legas ba kasuwanci ba ne. Wani kwas aka shirya a Surulere na pumse, wato jerin motsin tekwando, wasan faɗan nan na Koriya, da mutum ke yi shi kaɗai, yana tarewa yana kai farmaki alhali ba kowa a gabansa. A kulob ɗinmu na Kano faɗa muka iya. Yaro ya shigo yau, gobe so yake a ɗaura masa rigar kare ƙirji ya fara shuri. Pumse kuwa sai jarrabawar canjin ɗamara ta matso ake tunawa da ita, a buɗe waya a kalli bidiyo, a haddace, a wuce wurin. Ni ina da baƙar ɗamara, wadda ake kiran matakanta dan. Ina kan dan na ɗaya, ina shirin na biyu. Na tafi da ɗan yayata mai shekara 12, wanda ke kan koriyar ɗamara, bayan uwarsa ta gama ja mini kunne a kan kada in bar shi ya sha ruwan ko'ina, kada in bar shi ya tsallaka titi shi kaɗai.

Da la'asar muka tashi daga Sabon Gari a doguwar bas. Kujera ɗaya N38,000, kuma yaron bai samu ragi ba tunda shi ma kujera guda ya cinye. Zariya da Kaduna da Abuja duk a gyangyaɗi suka wuce. Na farka muna kan Gadar Murtala ta wajen Kotonkarfe, kogin Kwara baƙi ƙirin a ƙasa, daga nan aka tsaya a Lakwaja muka ci soyayyen kifi da burodi a tsaye.

Gari ya fara wayewa muka iso wani shinge a ƙasar Yarbawa, aka ce kowa ya sauko ya tsaya kusa da kayansa. Mai kakin da ya zo kan jakarmu ya zuge ta, ya ciro fararen kayan wasa, ya ciro ɗamara, ya ciro taget ɗin da ake riƙe wa ɗalibi ya shura, ya jujjuya shi. Sai na ji ya yi Hausa, ashe mutumin Zuru ne.

“Malam, kai ɗan karet ne?”

Kafin in buɗe baki yaron ya riga ni. “Ba karet ba ne, Yallaɓai, tekwando ne.”

“To, ƙaramin oga, nuna mini bambancin.”

Yaro ya dube ni, na ɗaga masa kai. Ya cire silifas ya tsaya a kan tsakuwar gefen titi, ya haɗa dunƙulallun hannuwa a gaban mara, ya juya hagu ya tare ƙasa, ya taka ya kai naushi, ya juya dama ya maimaita. Ta ɗaya ce cikin pumse takwas da ake kira Teguk, motsi 18, ta 'yan farawa. Fasinjoji suka kewaye shi da barci a idonsu. Da ya kai naushin ƙarshe ya daka ihun da muke ce wa kihap, wata mata mai goyo ta zabura har ta dafe ƙirji. Mutumin Zuru ya yi dariya har da riƙe ciki, ya laluba aljihu ya ba yaron N500 ya ce ya sayi biskit. Tunda nake bin hanyoyin ƙasar nan ban taɓa ganin kuɗi ya taso daga wancan ɓangaren ya nufo namu ba.

Daga Ibadan titi ya yi kyau, sai da muka iso doguwar gadar da ke bisa kasuwar shanu ta Kara cunkoso ya riƙe mu. Ta taga nake hango fararen shanu da mutanenmu da sandunansu, har yaron ya tambaye ni ko dai ba mu bar Arewa ba. Muka bi ta Berger da Ojota, aka sauke mu a Jibowu bayan azahar, ƙafafu sun kumbura. Tafiyar ta haura kilomita 1,000.

Wani ɗan baffana muka sauka wa a Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama a cikin Mushin, kusa da babban asibitin koyarwa. Da can acaɓa yake yi. Da gwamnatin jihar ta hana babura a 2022, aka fara da su Surulere da Ikeja da Apapa, daga baya aka haɗa da Mushin, sai ya sayar da babur ɗin ya kafa teburin shayi. Gidan da yake haya irin wanda ɗakuna ke jere suna kallon juna ne, siririn lungu a tsakiya, banɗaki ɗaya a can ƙurya, layinsa tun asuba. Ya bar mana katifarsa ya koma kan benci a rumfar shayi, na yi na yi ya ƙi.

“Yaya, mu fa baƙi ne na 'yan kwanaki, tabarma ta ishe mu.”

“Ka bar maganar nan. In Inna ta ji na kwantar da ku a ƙasa, da wane ido zan dube ta?”

Zafin Legas ba irin namu ba ne. Namu ƙuna yake yi, ka shiga inuwa ka huta. Nasu lulluɓe ka yake yi ko'ina ka shiga, gumi ya fito ya ƙi bushewa. Kayan wasan da zan wanke a Kano in shanya kafin in gama karin kumallo sun bushe, a can sai su kwana a igiya su wayi gari da danshi, haka za ka mayar da su jikinka. Abinci kuwa ba mu yi kewar gida ba. Da safe shayi da burodin Agege mai laushi da nauyi, da dare tuwon shinkafa da miyar kuka a wajen wata 'yar Sakkwato, kwano N1,200. Da rana kawai muke shiga hannun Yarbawa. Yaron ya kamu da son dafaffen waken nan da ake dagargazawa a zuba masa baƙin yaji da manja, yana ci yana hawaye yana neman ƙari.

Daga Idi-Araba muke hawa danfo zuwa Ojuelegba, mu sake wata mu sauka a bakin babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina a 1972, aka yi gasar wasannin Afirka ta 1973 a ciki, kuma a nan Nijeriya ta ci Aljeriya uku da nema ta ɗauki kofin Afirka a 1980. Filin Teslim Balogun na fuskantar sa a ƙetaren titi. Daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa zauren wata makaranta inda ake kwas ɗin. Kuɗin mota bai da tsayayyen farashi: da sassafe N300, in hadari ya haɗo ya koma N500, kuma ka tanadi canji, don kwandasta ba ya da lokacin dogon bayani. Rajistar kwas ɗin N25,000 ce ga babba, yara rabi.

Mastan da ya jagoranta Bayarabe ne, gajere, furfura ta cinye kansa, muryarsa ba ta da ƙarfi. Bai raba mu aji-aji ba. Ya jera kowa, daga mai farar ɗamara har masu dan na uku, ya ce a fara daga Teguk ta ɗaya a hau sama, wanda aka kai inda iliminsa ya tsaya ya fita gefe ya zauna ya kalla. Kafin a fara ya ɗauki alli ya zana layi uku a kwance a ƙasa, ya ratsa su da ɗaya a tsaye ta tsakiya. Ya ce Teguk takwas ɗin nan duk a kan wannan zane suke tafiya, kuma inda ka fara nan za ka gama. Kowa aka yi masa ɗigon alli a ƙarƙashin dunduniya. Da aka kammala ta ɗaya aka ce a dubi ƙasa, zauren ya yi tsit, don masu baƙar ɗamara da yawa sun bar ɗigonsu a baya da taku guda ko fiye.

A nan na ga abin da bidiyo ba ya bayarwa. Waya za ta nuna maka wane motsi ke bin wane, amma ba za ta zo ta tsuguna a gefenka ta auna ba. Shi kuwa aunawa yake yi da hannunsa. In ka tare sama, sai ya cusa dunƙulen hannunsa tsakanin goshinka da damtsenka: dunƙule ɗaya ake so. In ka tare ƙasa, tsakanin hannunka da cinyarka dunƙule biyu. Naushin tsakiya a bakin ƙirji yake sauka, ba a kafaɗa ba. Gajeriyar tsayuwa taku ɗaya ce irin ta mai tafiya, doguwar kuwa a lanƙwasa gwiwar gaba a miƙe ta baya, kashi biyu cikin uku na nauyin jiki a gaba. Duk wanda takunsa na zuwa ya fi na dawowa tsawo, ɗigon alli zai tona shi.

Kowace Teguk da abin da take ƙarawa. Ta biyu ta kawo naushin fuska. Ta uku, motsi 20, ta kawo saran wuya da gefen tafi da kuma tsayuwar baya, inda ƙafafu ke yin kusurwa, nauyi ya koma kan ta baya. A nan ɗan yayata yake, kuma a nan Masta ya tsaya a kansa. Akwai wurin da ake tarewa a tsayuwar baya, sannan a zame ƙafar gaba a koma doguwar tsayuwa a kai naushi. Yaron yana ɗaga jiki sama kafin ya zame. Masta ya ɗora tafinsa a bisa kan yaron ya ce ya sake, kada kansa ya ture hannun. Ya sake, ya ture. Ya sake. Can sai ƙugun ya juya da kansa, ƙafar ta shafi ƙasa ta wuce, naushin ya fita da wata 'yar ƙara ta hannun riga wadda ban taɓa ji daga gare shi ba. Ya waigo yana nema na da ido.

“Kawu, ka ji?”

Na ji, duk zauren ma ya ji.

Ta huɗu ta zo da shurin gefe da sukan yatsu. Ta biyar guduma da gwiwar hannu. Ta shida shurin kewaye. Ta bakwai, motsi 25, tsayuwar damisa, wadda kusan duk nauyi ke kan ƙafar baya, ta gaba tana dogare da tushen yatsu kawai. Ta takwas, motsi 27, ita ce ƙofar baƙar ɗamara, da shurin tsalle. Kowace an jingina ta da ɗaya daga alamomi takwas na tsohuwar falsafar ƙasashen can: sama, tafki, wuta, tsawa, iska, ruwa, dutse, ƙasa. Huɗu daga cikinsu su ne baƙaƙen zanen da ke kusurwoyin tutar Koriya ta Kudu. Masta bai ɓata lokaci a kan falsafa ba, abin da ya ce kawai shi ne ta shida a yi ta tana gudana, ta bakwai a yi ta a kafe.

Akwai wani dattijo ɗan Inugu da ya zo daga ɗaya reshen na tekwando, na Janar Choi Hong Hi wanda ya kafa tasa ƙungiyar a 1966. Su nasu jerin 24 ne, suna farawa da Chon-Ji mai motsi 19, kuma jikinsu na yin ƙasa da sama a kowane taku. Mu 'yan tsarin Kukkiwon, hedikwatar da aka buɗe a Seoul a 1972, kai a layi ɗaya yake tafiya. Duk kwas ɗin dattijon nan yana fama da gwiwoyinsa da suka saba da lilo, yana yi yana yi wa kansa dariya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba a zauren na gan shi ba. A kwas ɗin akwai wasu samari Hausawa haifaffun Legas, masu Hausa da Yarbanci a baki ɗaya, kuma na lura juyinsu ya fi na kowa tsafta. Ba su fi mu ƙarfi ba, shurinsu bai fi namu tsawo ba, amma in suka juya sai ka ce an ɗaure su a kan ƙusa. Ɗaya daga cikinsu ashe a layin bayan gidanmu yake. Bayan isha'i na bi shi in ga inda yake atisaye. Lungun gidansu ne, faɗinsa bai kai in miƙe hannuwana biyu ba, ga bokitai, ga risho, ga takalman makwabta. Filin gasar pumse mita 10 ne ta kowane gefe, shi kuwa ko Teguk ta ɗaya ba za ta shiga lungun nan a dunƙule ba. Don haka yanka ta yake yi. Ya ɗauki layin farko kaɗai, motsi huɗu, ya yi ta yi tsawon lungun har sai mai ɗakin ƙurya ta fito da tukunya ya matsa mata. Gobe layi na biyu. Juyin da ke haɗa layi da layi shi ma darasi ne mai zaman kansa, a kan tayil huɗu yake yin sa. Sai ranar Asabar, in ya je fili, yake ɗinke su. Karatun allo ke nan sak: a rubuta kaɗan, a biya har ya zauna, a wanke, a ƙara.

Mu a Kano fili ne da mu har ya yi yawa. Filin makarantar da muke atisaye zai ɗauki mutum ɗari suna Koriyo, pumsen masu dan na ɗaya, ba wanda ya taɓa wani. Saboda haka kullum daga farko muke farawa mu zarce ƙarshe, mu sake daga farko, kuma wurin da ke da rauni mu bi ta kansa da gudu kamar ba mu gan shi ba. Ƙuncin Legas ya tilasta wa yaran nan hanyar da ta fi tamu. Da na ba Masta labari washegari, cewa ya yi ai ko a manyan kulob haka masu shirin gasa ke yi da gangan.

A rumfar shayi kuwa muhawara ake da mu kowane dare. Wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya ce a kan idonsa unguwar ta cika, ya kalli yaron yana bita ya girgiza kai.

“Ɗana, wannan ai rawa ce. A dambe in ka fito, mutum ne a gabanka da hannu a naɗe. Wannan da wa yake faɗa?”

“Baba, taso in nuna maka.”

Bai taso ba, ya turo wani matashi. Na ce ya kawo mini duka ta sama. Na tare da hagu, dama ta tsaya a gefen wuyansa a lokaci ɗaya, motsin da ke cikin Teguk ta huɗu. Baba ya ce to, ya ga wannan, amma sunkuyon da muke yi wa juna fa? Na gaya masa gaskiya: gaisuwar mutanen Koriya ce, kuma Musulmi da yawa a cikinmu ɗan rusunar da kai kawai suke yi, ba su kai wa ga ruku'u, Masta ma bai taɓa tsawata wa kowa a kai ba. Ya ce zai tambayi liman. Ya dai ba yaron goro fari, wanda ni na cinye.

Tambayarsa ta farko ba ta rasa tushe ba, don ko a cikinmu haka ake kallon abin. Faɗa ne ke gasar Olamfik tun Sidni a 2000, shi ne ya kawo wa Nijeriya tagullar da Chika Chukwumerije ya ci a Beijing a 2008, kuma kowane yaro shi yake son zama. Pumse sai 2006 ta samu gasarta ta duniya, a Seoul. Amma ita ce ake yi har tsufa, don rukunan gasarta sun kai na waɗanda suka haura shekara 65, shekarun da ba mai sake shiga fili a shure shi a ka.

Da aka wuce Teguk zaure ya rage saura mu kaɗan. Koriyo motsi 30 ce, sunan daular da ta mulki ƙasar daga 918 zuwa 1392. Tana buɗewa da tura tafuka gaba a hankali, sai tarewa, sai shurin gefe biyu a jere da ƙafa ɗaya, na farko a gwiwa na biyu a sama, ba tare da an sauke ƙafar ba. Da gumi a tafin ƙafa da siminti mai santsi, wannan wuri ya ba mu wuya ƙwarai. Masta ya hana mu hanzari, ya ce a naɗe gwiwa a dawo da ita kafin a sauka, kada a faɗo kan saran wuyan da ke biye.

Bayan Koriyo na koma gefe, aka kira Kumgang, ta masu dan na biyu. Cikin waɗanda suka rage akwai wata budurwa daga Agege, farin hijabi a cuse cikin wuyan riga, mahaifinta mahauci ne ɗan asalin Katsina, yana zaune a bakin ƙofa da carbi. Kumgang motsi 27 ce kuma babu shuri ko ɗaya a cikinta, shi ya sa masu gaggawa ke raina ta. Wuyarta tsayuwa ce a kan ƙafa ɗaya, ɗayar a naɗe a jikin gwiwa, hannu ɗaya na hawa sama ɗaya na sauka ƙasa a hankali har a ƙirga takwas. Maza biyu a gefenta ƙafarsu na rawa, ɗaya har ya dire. Ita kuwa ina kallon yatsun ƙafarta sun kama siminti, gumi na ɗiga daga haɓarta, idonta a gefe inda hannun ƙasa ya nufa, ba ta ko ƙifta ba. Ta sauka, ta juya, ta buga ƙafa a ƙasa tare da kihap, tagogin zauren suka amsa. Uban bai ce komai ba, carbin dai ya tsaya.

Sama da nan akwai Tebek, Pyongwon, Sipjin, Jite, Chonkwon, Hansu da Ilyo. Masta ya yi mana Pyongwon shi kaɗai, a kan miƙaƙƙen layi ɗaya, don mu ga inda hanya ta nufa. Ba a tsallake: tsakanin dan na ɗaya da na biyu sai an jira shekara, na biyu zuwa na uku shekara biyu, haka yake ƙaruwa. Wanda bai kai shekara 15 ba kuma ba a ba shi dan, sai pum, ɗamara rabi ja rabi baƙa.

Ranar rufewa aka yi gwajin gasa da alƙalai. Maki 10 ne: 4 na daidaito, 6 na yadda aka gabatar, wato ƙarfi da sauri, da kari, da kuzarin da ke fita daga jiki. Ƙaramin kuskure a cire 0.1, babba kamar manta kihap ko sauya motsi a cire 0.3. Ɗan yayata ya yi Teguk ta uku ya gama a kan ɗigonsa, aka ba shi izinin fara ta huɗu.

Dawowa ba ta da labari, sai tayar da ta fashe bayan Okene da yunwar da ta biyo baya. Da na yi lissafi a gida, mota da rajista da abinci da tsarabar burodin Agege sun lashe sama da N200,000. Ɗan baffana ko kwabo bai karɓa ba, kilishi kawai ya ce in aiko masa. A kulob na sayi kwalin alli, na kuma raba yara gida uku, kowane rukuni da layinsa na Teguk, ba mai haɗa ta gaba ɗaya sai ranar Asabar. Suna ta ƙorafi wai an hana su faɗa. Masta ya ce in riƙa turo masa bidiyon Koriyo ta WhatsApp duk ƙarshen wata, a ɗauka daga gefe, waya a daidai ƙugu, don ta gaba ba a ganin tsawon taku.